Tsibiran Kan Tudu

Duk wanda ya zagaya ganuwar Birnin Zazzau, ko kuwa in ce abin da zaizayar ruwa da masu gine-gine suka rage mana daga cikinta, zai lura cewa waɗanda suka gina ta ba su bar ta da ƙofa ɗaya ba. Ga Ƙofar Doka, ga Ƙofar Kuyambana, ga Ƙofar Gayan, ga Ƙofar Kona, ga ta Bai da ta Galadima da ta Jatau da ta Kibo da ta Tukur-Tukur, kowace tana fuskantar tata nahiyar. Mutanen da suka ɗora wannan ƙasa bisa ƙasa mayaƙa ne, sun fi kowa sanin cewa kowace ƙofa rauni ce a jikin ganuwa, tunda ta nan abokin gaba yake neman kutsawa. Duk da haka suka yawaita ƙofofi, domin sun san garin da yake da mafita guda, ranar da aka tare ta, ya tashi daga birni ya zama kurkuku.

Wannan hikima ce nake zargin shugabanninmu na yau da yin watsi da ita. A makaranta an koya mana cewa tsibiri shi ne yankin ƙasa da ruwa ya kewaye. Ni kuwa, bayan abin da idona ya gani a 'yan shekarun nan, na ƙara wa ma'anar faɗi: tsibiri shi ne duk wurin da isa gare shi ya rataya a kan hanya guda, wadda in ta yanke babu madadinta. Idan an yarda da wannan ma'auni, to Arewacin Nijeriya cike yake da tsibirai, wasu a tsakiyar ruwa, mafi yawa a kan busasshen tudu. Da'awar da zan kare a wannan maƙala ita ce, hannun mutum ne ya ƙirƙire su, ta hanyar wata siyasar sufuri da ta ɗauki jirgin sama a matsayin kwalliyar mulki da mafakar manya, ta bar sauran ƙofofi suka toshe, shi kansa jirgin kuma ta bar shi ba alƙawari.

Darasi daga masu tsibirin gaske

Kafin mu duba namu, yana da kyau mu ga yadda waɗanda teku ya kewaye suke bi da wannan matsala, domin su ba su da damar yin wasa da ita.

A kudancin Tekun Atlantika akwai wani ɗan tsibiri mai suna Sent Helena, wanda ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Nisansa daga gaɓar Afirka ya kusa kilomita 2,000, mazaunansa kuwa ba su kai mutum 5,000 ba. Saboda tsananin nisan nan ne Turawan Ingila suka kai Napoleon na Faransa can a 1815, ya zauna har ya mutu a 1821. Shekara da shekaru hanyar zuwa wurin guda ce, wato wani jirgin ruwa da yake tasowa daga birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, ya yi kwana biyar a kan teku. Mara lafiya da ɗalibi da wasiƙa da buhun fulawa duk shi suke jira. Daga baya gwamnatin Birtaniya ta kashe kimanin fam miliyan 285 ta gina musu filin jirgin sama, aka kammala a 2016, aka kuma sa ranar da tsohon jirgin ruwan zai yi ritaya. Da aka zo gwaji sai aka tarar da wata muguwar iska mai sauya alƙibla tana kaɗawa a bakin titin saukar, wadda ta sa manyan jirage ba za su iya sauka cikin aminci ba. Jaridun Ingila suka yi ta yi wa aikin ba'a. Abin lura a nan shi ne matakin da hukuma ta ɗauka: ta ɗage ritayar jirgin ruwan, ya ci gaba da zirga-zirga. Sai a watan Oktoban 2017 jirgin fasinja ya fara zuwa a kai a kai daga Johannesbag, kuma sai a Fabrairun 2018 aka sallami jirgin ruwan. An yi kuskure mai tsada a aikin, amma ba a rufe tsohuwar ƙofa ba sai da aka tabbatar sabuwar ta buɗu.

A yammacin Sikotilan kuma akwai tsibirin Barra, inda ƙaramin jirgin sama yake sauka a kan yashin bakin teku, har jadawalin tashinsa yana bin janyewar ruwa. Babu ɗan kasuwar da zai yi wannan jigila domin riba. Gwamnati ce take ba da kwangilar hanyar da sharuɗɗa, ta biya giɓin, har ta sayi jiragen da kanta. Ga kuma jirgin ruwa daga garin Oban, in sama ta ƙi a bi ta ruwa. Ko Amurka, uwar jari-hujja, a 1978 da ta sakar wa kamfanonin jiragen sama mara, sai ta kafa wani shiri na biyan tallafi domin kada ƙananan garuruwa su rasa jirgi baki ɗaya. Ƙa'idar duk ɗaya ce: hanyar isa ga jama'a haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma hanya ɗaya ba ta isa.

Garin da ke koyar da tafiya

Yanzu mu dawo gida. Ban san wani gari a Nijeriya da ya fi Zariya cancantar ya zama cibiyar sufuri ba. Tun a 1911 layin dogo ya ratsa ta ya wuce Kano. Daga nan aka ja ƙaramin layi zuwa Jos domin kwasar kuza, wanda aka rufe a 1957. Daga nan kuma aka ja wani zuwa Funtuwa da Gusau, ya dangana da Ƙaura Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa da fatu duk ta tashar Zariya suke bi. A 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jiragen sama a garin, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka horar da ɗimbin matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage hannu daga hasumiya, 'yan Nijeriya da na wasu ƙasashen Afirka. A 1986 aka ƙara mana cibiyar nazarin fasahar sufuri ta ƙasa. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga asibitin koyarwarta a Shika, inda ake kawo marasa lafiya daga jihohi da dama.

Duk yaron da ya tashi a wannan gari ya saba da ƙugin ƙananan jiragen ɗalibai suna shawagi a samansa. Amma babu jirgin fasinja mai jadawali da yake tashi daga Zariya. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari, wadda kakanninmu suke ba da labarin cikarta da batsewarta, yau ta fi kama da wurin tarihi. Layin Ƙaura Namoda ciyawa ta cinye yawancinsa. Garin da yake koya wa ƙasa yadda ake tafiya, 'ya'yansa sun koma dogaro da kwalta kaɗai, daga Kwangila ko Ƙofar Doka. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Kada mai karatu ya zaci kukan a gina mana babban filin jirgi nake yi. Kaduna tana da nata, tazararmu da ita kimanin kilomita 80 ce. Kano tana da nata, kimanin kilomita 150 daga nan, kuma shi ne mafi daɗewa a ƙasar, domin a Kano jiragen sama suka fara sauka a Nijeriya, ranar 1 ga Nuwamban 1925. Waɗannan biyun sun ishe mu, in da za a dogara da su, in da kuma hanyoyin da suke kai mutum gare su suna da aminci. A nan gizo yake saƙar.

Shekara biyu da suka tona asiri

Akwai shekaru biyu da ya kamata duk mai nazarin wannan batu ya jera su kusa da juna, wato 2017 da 2022.

Ranar 8 ga Maris 2017 aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida domin gyaran titin sauka, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Kamfanonin ƙasashen waje suka ƙi zuwa, in ban da Ethiopian. To amma dubi abin da ya faru da hanyar Abuja zuwa Kaduna, wadda tun kafin lokacin masu garkuwa da mutane suka fara addaba. Cikin ɗan lokaci aka cike ramukanta, aka jibge jami'an tsaro, aka tanadi motocin safa da rakiya. Ministoci da 'yan majalisa da manyan 'yan kasuwa za su bi ta, don haka hanyar ta sami gata. Ranar 18 ga Afrilu aka sake buɗe filin Abuja, manya suka koma sama, hanya ta koma hannun masu ita. Wannan ya nuna cewa hukuma tana iya tsare hanya in ta ga dama. Abin da yake sa ta ga dama shi ne wanda zai bi.

Da hanyar ta ƙara lalacewa, sai masu hali suka koma jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda aka ƙaddamar a Yulin 2016. Tikiti ya zama abin rububi daga Idu har Rigasa. Wato maimakon a kori ɓarayi daga hanya, sai aka bar musu ita, aka nemi wata. Hausawa suna cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Babu wanda ya shafa.

Ranar 26 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai hari filin jirgin saman Kaduna, suka kashe wani ma'aikaci. Kwana biyu bayan nan, ranar 28 ga wata, aka dasa wa jirgin ƙasa bam a kan hanyarsa ta zuwa Kaduna, aka kashe aƙalla mutum 8, aka tafi da fiye da 60 cikin daji. Kamfanonin jiragen sama suka dakatar da zuwa Kaduna. Jirgin ƙasa ya tsaya cak, bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba, na ƙarshen waɗanda aka sace kuwa sai a watan Oktoba suka ga gida. A cikin mako guda ƙofar sama ta rufe, ta dogo ta rufe, ta kwalta kuma daman tsoro ya daɗe da tare ta. Kaduna, tsohuwar hedikwatar Jihar Arewa, ta zama tsibiri, mu na Zariya muka zama tsibirin bayan tsibiri. Malamin da zai je taro Abuja, da ɗan kasuwar da kayansa suka iso Legas, da mai jinyar da aka tura wani asibiti, kowa ya zauna yana lissafi: ko ya zagaya ta Kano ya nemi kujerar jirgi da tsada, ko ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya yaƙi ya hau kwalta.

Mutanen Birnin Gwari kuwa da sun ji mu muna kuka a lokacin, da sun yi murmushin takaici, domin su sun shafe shekaru ba sa iya zuwa Kaduna sai da rakiyar jami'an tsaro. A ƙarshen 2021 har layukan waya aka katse a yankinsu da wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Giwa da ke maƙwabtaka da mu. Ba hanya, ba waya. Napoleon ma a tsibirinsa yana samun wasiƙa.

Jirgin da ba shi da alƙawari

Wani zai ce ai wancan lokacin tashin hankali ne, ya wuce. To mu dubi ranakun da babu hari. Shin ƙofar sama abin dogaro ce?

Bayan na gama hidimar ƙasa an kira ni ganawar neman aiki a Legas. Yayana ya haɗa mini kuɗin tikiti, domin ranar ta matso, mota ba za ta kai ni a kan lokaci ba. Na bar gida bayan sallar asuba, na isa ɗaya daga cikin filayen jirgin da ke kusa da mu tun da hantsi. Aka ce an ɗaga tashi da awa biyu. Aka sake ɗagawa. Da la'asar sakaliya aka ce an soke, saboda wasu dalilai na aiki, ba ƙarin bayani, ba wanda ya tsaya ya saurari kowa. Kusa da ni akwai wata dattijuwa da jikanta, za ta je ganin likitan da ta yi wata uku tana jiran ranarsa. Na ce, "Hajiya, sai haƙuri." Ta ce, "Ɗana, haƙuri ai shi muka taho da shi. Ciwon ne bai san an soke jirgi ba." Ni na rasa ganawata, kuɗina bai dawo ba sai bayan makonni da yawan ziryar waya. Ita kuwa ban san yadda ta ƙare ba.

Abin da ya same mu ba baƙon abu ba ne, kuma dalilansa sanannu ne. Na farko hazon hunturu, wanda yake zuwa kowace shekara tun kafin a ƙera jirgin sama, amma kullum sai ya same mu kamar ba mu san da zuwansa ba, alhali akwai na'urorin da suke taimaka wa matuƙi ya sauka cikin ƙarancin gani. Na biyu tsadar man jirgi. A watan Mayun 2022 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta ƙasa ta yi barazanar dakatar da aiki baki ɗaya, tana cewa litar mai ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Na uku, kayan gyara da hayar jirage da inshora duk da dala ake biya, fasinja kuwa naira yake bayarwa. Kamfanin da jiragensa ba su da yawa, in ɗaya ya lalace, hanyar da ba ta kawo kuɗi sosai zai fara yankewa, kuma sau da yawa tamu ce. Shi ya sa kamfanoni suke tashi suna faɗuwa kamar kasuwar ƙauye. Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya daina tashi a 2003. Kabo Air na Kano, wanda ya yi tashe tun daga shekarun 1980, ya zama labari. KLM na ƙasar Holan, bayan fiye da shekara 60 yana sauka Kano, ya janye a 2012.

Me hukuma ta yi? A 2018 aka je bikin baje kolin jirage a Ingila aka nuna tambarin sabon kamfanin ƙasa mai suna Nigeria Air. A ƙarshen Mayun 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, aka kawo jirgi guda Abuja aka yi bikin nuna shi, daga baya ta bayyana cewa na kamfanin Ethiopian ne aka yi wa fenti. Shekara biyar, tambari da fenti. Ko fasinja ɗaya bai ɗauka ba.

Filayen jirgi na shekara-shekara

Gwamnoninmu na Arewa su ma suna da nasu salon fentin. Gombe ta gina filin jirgi, Dutse ta gina, Bauchi ta gina sabo, Birnin Kebbi ma haka, wasu kuma suna kan ginawa. Ana yanke kyalle, ana kiɗa, ana sa wa wuri sunan wani babba. Bayan nan da yawansu ba sa cika sai lokacin jigilar alhazai, sauran watanni kuwa jirgin gwamna da na baƙinsa ne suka fi sauka. Filin jirgi ba ya kawo jirgi, kamar yadda gina rumfa ba ya kawo kasuwa. Abin da yake kawo jirgi shi ne fasinja mai kuɗin tikiti, ko yarjejeniyar da ta tabbatar wa kamfani ba zai yi asara ba. Gwamna ya fi son gini domin gini ana ɗaukar hotonsa, ana ba da kwangilarsa. Jadawalin da ba ya saɓawa kuwa ba shi da kyallen yankewa.

Na san abin da za a ce mini, kuma na ji shi a zauren unguwarmu: jirgin sama abin masu kuɗi ne, ina ruwan mai sayar da rake a Tudun Wada da an soke shi ko ba a soke ba? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin mafi yawan mutanenmu ba su taɓa shiga jirgi ba, kuma kuɗin tikiti ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Amma likitan da zai zo Shika ya yi aikin da babu mai yinsa a nan, jirgi yake hawa. Malamin da zai zo daga wata jami'a ya duba jarrabawar ɗan mai raken, jirgi yake hawa. Mai jarin da yake tunanin kafa masana'anta a Dakace ko Cikaji, in ya kwana biyu a filin jirgi yana jira, can Legas zai bar kuɗinsa. Talaka ba ya hawa jirgi, amma yana biyan kuɗin rashinsa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, maganar zauren tana ƙarfafa hujjata ne. Muddin babba yana da ƙofarsa ta sama shi kaɗai, ba zai damu da ƙofar talaka ba. An ba da kwangilar sake gina hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano tun a ƙarshen 2017. An kammala ɓangaren Kaduna zuwa Zariya, mun gani mun yaba, amma ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Da a ce dokar ƙasa ta tilasta wa kowane minista bin wannan hanya sau ɗaya a wata, da tuni an manta an taɓa yin ramuka a kanta.

Waɗanda ruwa ya kewaye da gaske

Zai zama rashin adalci in yi ta maganar tsibiran kan tudu in manta cewa muna da na cikin ruwa, waɗanda ba su taɓa sa ran jirgin sama ba balle a soke musu. A ƙasar Yawuri akwai al'ummar da Hausawa suke kira Gungawa, daga kalmar gungu, wato tsibiri, saboda zamansu a tsakiyar kogin Kwara. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye garuruwa da dama, aka sake wa fiye da mutum 40,000 matsuguni. Ƙasa ta sami wutar lantarki, mutanen bakin ruwa suka ci gaba da dogaro da kwalekwale. A Tafkin Chadi ma akwai tsibirai masu yawa, inda masunta, ciki har da Hausawa, suke kamun kifin da ake kaiwa kasuwar Baga, kafin rikicin Boko Haram ya tarwatsa su.

Ƙofar waɗannan mutane guda ce, kuma ta katako ce. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, waɗanda aka ceto 20 ne da 'yan kai. Ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, wani ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya da suka taso daga ƙauyen Badau. Allah Ya jiƙansu. Bayan kowane haɗari akan zargi matuƙi da yin lodi fiye da kima, kuma zargin gaskiya ne. Amma me ya sa mutum 150 suke cusa kansu cikin jirgi ɗaya? Saboda sun san in ya tafi babu wani. Kuɗin da ake kashewa a zauren manyan baƙi na filin jirgi guda zai sayi jiragen ruwa masu inganci da rigunan kariya daga nutsewa masu yawan gaske. An kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa tun 1997, hedikwatarta tana Lakwaja, amma a mafi yawan mashigai babu mai ƙidaya fasinja sai bayan an fara ƙidaya gawa.

Abin da nake nema

Ba na cikin masu zagi su tashi. Ga abin da nake ganin ya wajaba, kuma babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin ƙasar nan.

Da farko, gwamnonin Arewa su dakatar da gina sababbin filayen jirgi, su haɗa kuɗin wuri guda su ba da kwangilar jigila a fili, irin ta Barra: ƙananan jirage, ranaku sanannu, farashi mai iyaka, da tara mai zafi ga kamfanin da ya soke tashi ba tare da dalilin yanayi ko na lafiyar jirgi ba. Wanda ya karɓi kuɗin jama'a, alƙawarinsa ya zama bashi.

Na biyu, hukumar kula da sufurin jiragen sama tana da dokokin da suka wajabta wa kamfani kula da fasinjan da aka ɓata wa lokaci da mayar masa da kuɗinsa. A aiwatar da su, a kuma fassara su da Hausa a manna a kowane filin jirgi na Arewa, domin dattijuwa irin wadda na haɗu da ita ta san tana da haƙƙi banda haƙuri. Na'urorin sauka cikin hazo kuma a gwada su a tabbatar suna aiki tun kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa.

Na uku, layin dogo na zamani daga Kaduna zuwa Kano, wanda aka aza harsashinsa a Yulin 2021 kuma zai bi ta Zariya, a ɗauke shi a matsayin aikin gaggawa, tare da wanda zai tashi daga Kano zuwa Maraɗi. A kuma waiwayi tsohon layin Funtuwa da Gusau da Ƙaura Namoda. Jirgin ƙasa ne kaɗai abin hawan da attajiri da ɗalibi da mai buhun masara suke iya shiga tare, kuma abin da manya suke hawa shi ake tsarewa.

Na huɗu, kowane mashigin ruwa da jama'a suke bi a kai a kai ya sami jirgin hukuma, da ma'aikaci mai ƙidaya fasinja, da rigar kariya ga kowane rai.

Na biyar, a ɗora wa cibiyoyin da ke Zariya, wato kwalejin jiragen sama da cibiyar fasahar sufuri da jami'a, aikin zana taswirar duk garuruwan Arewa da suke rataye a kan hanya guda, ko saboda ruwa, ko saboda karyewar gada da damina, ko saboda 'yan bindiga. A riƙa buga ta kowace shekara, kowane gwamna ya ga tsibirai nawa ya gada, nawa zai bari.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Haka ciniki, haka neman ilimi, haka neman magani. Al'ummar da fatakenta suka kai Gwanja da jakuna suka dawo da goro, wadda alhazanta suka ratsa Chadi da Sudan a ƙasa suka kai Makka, ba ta cancanci a wayi gari ɗanta yana tsoron tafiyar awa uku ba. Madugun da yake jan ayari a wancan zamani ba ya barin zango sai ya san hanyar da zai sauya in aka tare ta gaba, kuma in ayari ya halaka shi ake tambaya. Mu ma muna da madugai, mun zaɓe su, muna biyan su. Duk wanda ya zo neman ƙuri'armu daga yau, mu bar tambayarsa abin da zai gina. Mu tambaye shi: in hanyar garinmu ta yanke gobe, ta ina za mu fita? Wanda ba shi da amsa, bai kai ya riƙe mana mabuɗin ƙofa ba.